Kwabon Tagulla Mai Lamba 114: Yadda Aka Gano Garinsa da Shekarar Bugunsa

Asalin lamarin

Wani mutum da ke zaune a wani gari na bakin Bahar Rum ya gaji tarkacen mahaifinsa, ɗan kasuwa da ya yi zirga-zirga tsakanin Beirut da Tunis. A cikin kayan akwai ƙaramin ambulan, ciki da kwabon tagulla guda ɗaya da wani rasit a ninke. A bayan ambulan an rubuta kalma ɗaya da hannu: Kartaj. Abu biyu magajin ke son sani, inda aka buga kwabon da lokacin da aka buga shi, don ya yanke shawarar ajiyewa ko sayarwa.

Kwabon ƙarami ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Jar ƙasa mai tauri ta manne masa a lungu-lungu, a ƙarƙashinta kuma akwai ɓawon tsufa mai duhun kore, irin wanda tagulla ke yi in ta daɗe a binne. A fuska ɗaya ana ganin kan namiji mai gemu yana duban dama. A ɗaya fuskar akwai wani abu mai tsini uku a kwance, da haruffa biyu a samansa, da jerin ƙananan zane-zane a ƙasansa, rabinsu ƙasa ta rufe.

Haruffan da ke jikin kwabon na Finikiya ne. Finikiya kuwa ba ƙasa ɗaya ba ce mai sarki ɗaya. Jerin birane ne a gaɓar da yau ta zama Lebanon da wani yanki na Siriya: Arwad, Gebal, Beirut, Sidon da Taya. Kowane birni da kuɗinsa. Huɗu daga cikinsu, ban da Beirut, sun fara buga azurfa a ƙarni na 5 kafin Miladiyya (K.M.), ƙananan kwabban tagulla na cefane kuma suka biyo baya a ƙarni na 4. Bayan Iskandar Mai Girma ya ci yankin a 333 zuwa 332 K.M., hotuna da rubutun Girkawa suka shigo suka cakuɗa da na gida, har ka ga kwabo ɗaya da rubutu iri biyu. Kartaj kuwa tana can Tunisiya ta yau. Mutanen Taya ne suka kafa ta, kuma da irin haruffansu take rubutu. Shi ya sa 'yan kasuwa da yawa, da zarar sun ga waɗannan haruffa a jikin tagulla, sai su ce Kartaj, don shi ne sunan da mai saye ya fi sani.

Makonni shida na farko: man zaitun, lemun tsami da neman Kartaj

Magajin ya ɗauki hoton kwabon da waya, da hasken filasha daga sama, sannan ya tsunduma shi cikin man zaitun, kamar yadda ake yawan ba da shawara. Ya bar shi mako shida. Man ya ɗan sassauta ƙasar, amma ya mayar da ɓawon baƙi ƙirin, ya kuma cika ramukan da ke tsakanin zane-zanen da wani danƙo.

Cikin waɗannan makonni ya yi ta duba hotunan kwabban Kartaj. Bai ga mai kama da nasa ba. Tagullar Kartaj da aka fi sani tana ɗauke da kan mace, wadda ake ɗauka allahiya Tanit ce, da zangarniyar hatsi a gashinta. A baya kuma doki ne, ko kan doki, ko doki da bishiyar dabino. Ba gemu, ba tsini uku, kuma Kartaj ba ta sa shekara a kwabbanta.

Da ya gaji, sai ya ce bari ya tsabtace rubutun da kyau, wataƙila amsar na can. Ya matse lemun tsami, ya jiƙa kwabon na kusan minti goma, ya goge da burushin haƙori. Ƙasar ta fita. Amma tare da ita wani yanki na ɓawon ya tafi, a kan kuncin mai gemun da kuma gefen hagu na fuskar baya, jan ƙarfe ya bayyana. Ya ɗauraye da ruwan famfo, ya share da tsumma, ya saka a 'yar jakar leda mai laushi ta PVC, ya jefa a aljihun tebur.

Ya kuma gwada karanta jerin zane-zanen daga hagu zuwa dama, a kan cewa lambobin Rumawa ne. Ya ga sanduna huɗu a tsaye, da wani abu mai kama da N, da wata alama da bai gane ba. Bai fitar da komai ba.

Wata na uku: kore ya ɓullo

Bayan kusan mako uku a cikin leda, ɗige-ɗige masu hasken kore suka fito a wuri biyu, daidai inda lemun tsami ya ɓare ɓawon. In an taɓa da tsinke sai su zube kamar gari. Ya goge su, kwana huɗu suka dawo. A nan ne ya kai kwabon wurin wata ƙwararriya mai gyaran kayan tarihi na ƙarfe.

Wannan shi ake kira ciwon tagulla, ko da yake ba ƙwayar cuta ba ce. Tagullar da ta kwana a ƙasa mai gishiri tana tara sinadarin kuloraid a ƙarƙashin ɓawonta, a haɗe da jan ƙarfe. Muddin ɓawon na rufe, zai iya kwanciya shiru ƙarni da ƙarni. Da zarar laima da iska sun kai gare shi, sai ya rikiɗe zuwa wannan koren gari, a hanya kuma ya fitar da asid. Asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya haifar da sabon kuloraid, abin ya ci gaba da juyawa har rami ya huda kwabon. A nan an tara masa duk abin da yake so: an buɗe ɓawon, an zuba ruwan famfo mai nasa kuloraid, ba a busar da kyau ba, garin na bakin teku mai laima, ledar PVC mai laushi kuma tana riƙe danshi, tana fitar da asid yayin da take tsufa.

Koren tsufa mai lafiya yana da tauri da santsi, tsinke ba ya kankare shi. Na ciwo yana da haske, yana da laushi, yana tsirowa daga rami.

Awo da binciken jabu

Kafin a taɓa kwabon da wani magani an rubuta awonsa. Nauyi giram 3.58 a sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Faɗi milimita 16 a inda ya fi faɗi, 15 a inda ya fi ƙanƙanta. An kuma duba daidaiton fuskokin: a riƙe kwabon ta sama da ƙasa, kan mutumin a tsaye, a juya shi gefe, a ga inda saman hoton baya ya nuna, a faɗe shi da lissafin agogo. Na wannan ya nuna ƙarfe 12, wanda shi ne aka saba gani a kuɗin biranen wannan gaɓa a wancan zamani.

Maganaɗisu bai kama shi ba. An shafa audugar asiton, sinadarin da ke narkar da gam da mai, a kan ragowar jar ƙasar, ba ta narke ba, wato ba yashi ne da aka manna da gam don a tsufar da sabon abu ba. Da madubin ƙara girma mai ninki goma an bi gefen kwabon kaf. Babu layin haɗi da ke zagaye gefe, wanda ke nuna an zuba kwabon a mazubi mai ɓari biyu. Babu ƙananan ramukan kumfa a fili, kuma gefunan haruffa na da kaifi, ba su narke cikin fili ba kamar na zubi.

Akwai wani ɗan kututture a gefe ɗaya, wanda magajin ya ɗauka alamar jabu ce. Ba ita ba ce. Maƙeran lokacin kan zuba ɗanyun kwabbai a jere, haɗe da juna ta siraran hanyoyi, su tsinke su, sannan su ɗora kowanne tsakanin hatimi biyu su buga da guduma. Kututturen ragowar wannan hanya ce. Abin da ake nema shi ne ko hoton kansa bugu ne ko zubi, na wannan kuma bugu ne, har hatimin baya ya ɗan kauce zuwa hagu, wanda zai zama matsala daga baya.

Magajin ya tambaya ko ba za a auna shekarunsa da na'ura ba. Gwajin kabon-14 na abin da ya taɓa rayuwa ne, kamar itace da ƙashi, ba ya aiki a kan tagulla. Na'urar da ke karanta sinadaran ƙarfe da haske tana iya nuna jan ƙarfe da kuza da dalma, tana iya tona asirin jabu in ta ga tutiya da yawa, amma saman ƙarfen kawai take gani, kuma ba ta faɗin shekara. Shekarar tana rubuce a jikin kwabon. Karanta ta ne aikin.

Makonni takwas na magani

An fara da cire man. An jiƙa kwabon a asiton, ana canzawa har ya daina rinewa. Sannan a ƙarƙashin madubi aka kwashe koren garin daga ramuka biyun da tsinken gora mai tsini. Ba a sa allurar ƙarfe ba, don ta fi ɓawon tauri, tana barin zane.

Daga nan aka shiga wanke kuloraid. An haɗa ruwan sodiyam seskwikabonet, giram 2 a cikin mililita 100 na ruwan distil, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa. Ana yawan amfani da giram 5, ya fi sauri, amma yana iya canza launin ɓawo ko ya cinye shi, wannan kwabo kuwa ya riga ya yi asarar da ta ishe shi. Ana canza ruwan duk mako. Kowane tsohon ruwa ana ɗiban kaɗan, a ɗiga masa asid ɗin naitirik mai rauni, sannan ɗigon naitiret ɗin azurfa. In ya yi fari kamar an ɗiga madara, da sauran kuloraid. A mako na bakwai ruwan ya fito garau, na takwas ma haka.

An ɗauraye da ruwan distil sau da yawa, aka tsoma a itanol don ya kori ruwan da ya maƙale a ramuka, aka jiƙa shi awa 24 a cikin sinadarin benzotriazol, wato BTA, giram 3 a mililita 100 na itanol. Wannan sinadari yana haɗuwa da jan ƙarfe ya yi siririn rufi da ke hana laima kaiwa ga abin da ya rage. Ana zargin yana iya jawo cutar daji, don haka da safar hannu ake taɓa shi, a wuri mai iska. Bayan ya bushe aka gwada shi: kwana biyu a rufaffen akwati mai laima sosai. Ba kore da ya fito. Sai aka shafa masa siririn kakin adana kayan tarihi.

Ramin da ke kan kunci bai taɓa wani abu mai muhimmanci ba. Na fuskar baya ya zauna a ƙarshen hagu na jerin zane-zanen, faɗinsa kusan milimita ɗaya.

Gano garin

Duk ranar canza ruwa ana ɗaukar kwabon hoto huɗu, da fitila ɗaya a kwance kusan daidai da tebur, daga sama, ƙasa, hagu da dama. Hasken da ya zo daga gefe yana jefa inuwa a bayan duk abin da ya taso ko da kaɗan ne. Filasha daga sama kuwa shafe komai take yi.

Da wannan haske kan mai gemun ya fito da kambin ganye, irin yadda ake zana Zus, babban abin bautar Girkawa. Abu mai tsini uku kuma ƙahon tunkuyi ne na jirgin yaƙi, wato tagullar da ake ɗaurawa a goshin jirgi daidai bakin ruwa don fasa cikin jirgin abokan gaba. An tsamo irinsa na gaske a 1980 daga teku kusa da Atlit, kudu da Haifa, nauyinsa kilo 465, da fukafukai uku a jere kamar yadda yake a kwabon.

Kwabo mai jirgi ba na gari ɗaya ba ne, don haka aka bi su ana cirewa. Rum tana da tagulla mai kan Saturn, abin bautar Rumawa mai gemu, da goshin jirgi a baya, amma tana ɗauke da harafin S da kalmar ROMA. Taya a ƙarƙashin sarakunan Salukiyawa, waɗanda suka mulki Siriya bayan Iskandar, ta buga tagulla mai ɓangaren jirgi, amma da kan sarki mai ɗaurin sarauta, da sunansa da Girkanci. In ta rubuta sunanta da Finikanci, haruffa uku ne masu daidai da lam, sad da ra. Sidon kan zana jirgi sukutum, sunan mutanenta kuma lam, sad, dal, nun, mim. Babu ko ɗaya a nan.

Wanda ya rage shi ne Arwad, wadda Girkawa ke kira Arados, tsibiri ne mai nisan kusan kilomita 3 daga Tartus a Siriya, har yau da mutane a kansa. Kan Zus da ƙahon jirgi mai tsini uku, da haruffa a sama da shekara a ƙasa, sanannen bugu ne na wannan gari a ƙarni na 2 K.M., kuma awon wannan kwabo ya shiga cikin na 'yan'uwansa. An tabbatar ta hanyar kwatanta shi da hotunan da ke kundin G. F. Hill na 1910 kan kuɗin Finikiya da ke gidan tarihi na Birtaniya, da kuma aikin Frédérique Duyrat na 2005 kan Arados.

Abin da ya wahalar da magajin shi ne ya yi ta neman sunan gari a haruffa biyun da ke sama. A tsofaffin kuɗin Arwad na zamanin Farisawa akwai mim da alif da ke nuna garin, a wasu na baya kuma akwai A da P na Girkanci a haɗe. Amma haruffan da ke saman ƙahon jirgi suna canzawa daga bugu zuwa bugu, ana ɗaukarsu alamomin jami'an da ke kula da maƙera ne. Hoton ne ya nuna garin.

Karanta lambar

Finikanci daga dama ake fara shi, kamar Larabci, lambobinsa ma haka. Jerin ya fara da haruffa biyu, shin da ta, wato shekara. Bayansu manyan lambobi ke fara zuwa, ƙanana su biyo. Ɗari na da alamarta. Ashirin wata alama ce mai lanƙwasa da kan yi kama da N ko Z, gwargwadon hannun mai sassaƙa, ana maimaita ta har sau huɗu don a kai tamanin. Goma sanda ce a kwance. Ɗaya-ɗaya kuma sanduna ne a tsaye, sau da yawa a jere uku-uku. Ana tara su ne kawai.

Karatun farko ya ba da 124: ɗari, ashirin, huɗu. Amma da danƙon mai ya gama fita, hasken gefe ya nuna cewa abin da ke kama da N sanda ɗaya ce a kwance, wani tsohon karce ya ratsa ta a karkace. Bambancin a bayyane yake in an san abin dubawa. A hatimi ake sassaƙa lamba, don haka a kwabo tasowa take yi. Karce kuwa nutsewa yake. In fitila na dama, abin da ya taso inuwarsa na hagunsa, rami kuma inuwarsa na cikinsa ta gefen fitilar. An kuma danna kwabon a kan yumɓun roba mai laushi, ta bayan siririyar leda, aka duba juyayyen hoton. Sanda ɗaya ce. Goma ce.

Saura ɗaya-ɗaya. Sanduna uku a haɗe, ɗan tazara, sannan ta huɗu a tsaye sarai. Bayanta sai ramin ciwon, bayan ramin sai bakin kwabo, don hatimin ya kauce hagu. Tunda ƙananan lambobi ne ke ƙarshen hagu, nan ne kullum ake asara. Da akwai fili mai santsi bayan sanda ta huɗu, wanda ya fi tazarar da ke tsakanin sanduna faɗi, da an ce lambar ta cika. Ramin ya ci wannan fili daidai, faɗinsa kuma zai ɗauki sanda ɗaya, ba zai ɗauki biyu ba. Tsakanin ramin da baki akwai ɗan siririn fili mara komai. Saboda haka 114 ce ko 115.

An koma kan hoton da magajin ya ɗauka kafin wanki. Ƙasa ta rufe wurin, filasha kuma ta shafe abin da ya rage. An gwada wata hanya, a daidaita haruffan jami'ai da na bugun da aka riga aka san shekararsa, amma ɗaya daga cikin haruffa biyun ya goge har ba a iya rantsuwa a kansa.

Lamba ɗaya, lissafi huɗu

Da aka gaya wa magajin 114, ya tafi gida ya yi nasa lissafi, ya dawo da 199 K.M. Ya yi amfani da shekarar Salukiyawa, wadda ita ce ta fi shahara a yankin.

Mai karatu ya san cewa in an rubuta 1400 ba a ce Hijira ko Miladiyya ba, an bar tazarar ƙarni shida a buɗe. A gaɓar Finikiya kusan kowane babban birni na da tasa Hijirar, yana ƙirga daga shekarar da ya samu 'yancin kansa. Salukiyawa na farawa daga 312/311 K.M. Arwad daga 259/258. Taya daga 126/125. Sidon daga 111/110. Ana rubuta shekara biyu-biyu ne don shekararsu da kaka take farawa, ta ratsa biyu daga cikin namu.

Hanyar lissafi: a ƙara ɗaya a kan shekarar farawa, a cire lambar kwabo. Na Arwad, 260 a cire 114, saura 146, wato 146/145 K.M. Na Salukiyawa, 313 a cire 114, 199/198. Na Taya, 127 a cire 114, 13/12 K.M. Na Sidon lambar ta wuce shekarar farawa, an tsallaka zuwa Miladiyya, kuma da yake babu shekarar sifili, sai a cire 111 daga 114, a samu 3/4 Miladiyya. Lamba ɗaya ta ba da amsa huɗu, tsakanin ta farko da ta ƙarshe shekara 201. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da ƙarin ɗayan nan, a cire 114 daga 259 kai tsaye, amsa ta zame da shekara guda.

An ƙi lissafin Salukiyawa saboda dalili biyu. Tagullar biranen Finikiya mai shekarar Salukiyawa galibi tana zuwa da kan sarki da sunansa, lambar kuma da haruffan Girkanci, inda 114 zai fito ΡΙΔ ko a juye ΔΙΡ. Na biyu, Arwad da shekararta take ƙirge. Garuruwan da ke gaɓar da ke fuskantarta, irin su Maratos, Amrit ta yau, su ma da ita suke amfani, don haka ko da an yi kuskure tsakanin Arwad da maƙwabciyarta, shekarar ba za ta motsa ba.

Sakamako: shekara ta 114 ko 115 ta Arwad, wato tsakanin kakar 146 da kakar 144 K.M. Wannan ya faɗo a ƙarshen mulkin Iskandar Balas na Salukiyawa, wanda aka kashe a 145, ko farkon mulkin magajinsa. A zamanin Iskandar Balas ne, a ruwayar marubucin tarihi Diyodoras, mutanen Arwad suka yi wa wazirinsa Amoniyas tayin talanti 300, wato babban ma'aunin kuɗi na lokacin, don ya miƙa musu Maratos. Kartaj da aka rubuta a ambulan kuwa, Rumawa sun rushe ta a 146, kafin a buga kwabon.

Rasit ɗin

Gano garin ya buɗe wata tambaya. Arwad a Siriya take. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2199, na Fabrairun 2015, ya haramta cinikin kayan tarihin da aka fitar daga Siriya ba bisa ƙa'ida ba tun daga 15 ga Maris 2011. Dillalai masu mutunci da gidajen tarihi kuma kan nemi shaidar cewa abu ya bar ƙasarsa kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970. Inda aka buga kwabo ba lallai nan aka haƙo shi ba, amma ƙananan kwabban tagulla ba sa yin nisa da gida kamar azurfa, don haka tambayar na nan.

Magajin ya kusa yar da ambulan da ya ji rubutunsa kuskure ne. Rasit ɗin da ke ciki na wani kanti ne a Beirut, kwanan watansa ya riga 1970. Rauninsa shi ne bai faɗi nauyi ko faɗi ba, tsohon kwabon tagulla kawai ya ce. An ɗauki hotonsa da na ambulan, aka haɗa su da takardar bayanin kwabon. Da ya ji cewa wannan bugu na daga cikin tagullar Finikiya da ta fi yawa a kasuwa, kuma ɓarnar da ke jikinsa ta ƙara karya farashinsa, ya fasa sayarwa.

Hukunci

Abin da ya yi aiki shi ne jerin matakan: awo, tabbatar da bugu ne, gano gari daga hoto, karanta lamba, sannan zaɓen lissafi. Magajin ya kama daga tsakiya, yana son karanta lamba kafin ya san garin, kuma ko da ya karanta ta daidai tun ranar farko, da ba ta gaya masa komai ba. Rubutun ambulan ya cinye masa mako shida, alhali kwatanta hoto na minti goma ya isa ya kore Kartaj.

Man zaitun ɓata lokaci ya yi, ya kuma haifar da karatun 124, amma an iya gyara ɓarnarsa. Ta lemun tsami ba ta gyaruwa. Ita ta buɗe wa kuloraid ƙofa, ramin da ya biyo baya kuma ya faɗa kan milimita ɗaya tak da ke raba 114 da 115. Jar ƙasar da ke wurin, da ruwan distil da tsinken gora da haƙurin 'yan makonni za ta fita, ɓawon na nan lafiya a ƙarƙashinta. Zaɓen ruwan magani mai rauni ya tsawaita aikin, amma ya ceci sandar goma da sandunan huɗu, waɗanda a cikin ɓawon suke zaune, ba a ƙarfen ba.

Rubuta shekara biyu a takardar bayani maimakon ɗaya shi ne daidai. Sanduna huɗu aka gani, don haka 114 ce ta fi ƙarfi, aka sa ta a gaba, 115 a bayanta da alamar tambaya. Hanya ɗaya ta rage da za ta raba gardamar: a samu wani kwabo da aka buga da hatimin baya guda da wannan, wanda gefensa na hagu ya fito cikakke. Ana gane hatimi ɗaya ta tazarar haruffa da ƙananan tsagu da ke maimaituwa a wuri guda.

Kwabon yanzu yana cikin ambulan na takarda mara asid, a rufaffen akwati da silika jel mai tsotse danshi da katin auna laima, ana riƙe laimar ƙasa da kashi 35 cikin ɗari. Ana duba ramukan biyu da madubi sau ɗaya a wata, don BTA rufe kuloraid ɗin da ya rage yake yi, ba ya cire shi, kuma in kore ya sake tsirowa za a koma ruwan wanki daga farko.